Ubangida dubu: abin da kuɗin jama'a ke yi wa mai fasaha da aikinsa

A shekarar 2020 mawaƙin siyasa Dauda Kahutu Rarara, ɗan ƙaramar hukumar Ɗanja a nan jihar Katsina, ya ce ba zai sake yi wa Shugaba Buhari waƙa ba sai masoyan shugaban sun tura masa naira dubu ɗai-ɗai. Aka yi masa ca. Wasu suka ce roƙo ne ya sake riga, wasu suka ce dabara ce ta auna farin jinin shugaban, wasu kuma ba su tanka ba, suka je wurin mai POS suka tura abinsu. Ƙurar siyasa ta rufe abin da ya fi jan hankali a lamarin, wato mai fasaha ya tsallake ubangida ya miƙa hannu kai tsaye ga masu saurarensa, kuma ya nemi a biya shi tun aikin bai fito ba.

Yau wannan ya zama ruwan dare. Marubuciya na neman kuɗin buga littafi, matashi na son kyamarar da zai ɗauki tarihin ganuwar Katsina, masu fim ɗin YouTube na neman abin da za su ƙarasa zango na biyu, duk a ƙarshen sanarwa sai ka ga lambar asusu. Ana yi wa abin kallon 'yanci, kuma da gaskiya a ciki. Sai dai ni a ganina ubangida bai tafi ko'ina ba, yawa ya yi. Mutum ɗaya ne a da, ka san ƙofar gidansa da abin da ke ɓata masa rai. Yanzu mutum ɗari biyar ne, kowa da abin da ya ɗauka ya saya da kuɗinsa, kuma ba wanda aka zauna aka yi magana da shi.

Fasaha a ƙasar Hausa ba ta taɓa ciyar da kanta ita kaɗai ba. Makaɗan fada sarki ke ba su riga da doki da hatsi. Irin su Mamman Shata, da ba su ɗaure kansu a fada ɗaya ba, sun rayu ne da iyayen gida masu yawa, 'yan kasuwa da direbobi da ma'aikata, ga kuma liƙi a wurin wasa. Rubutun boko gwamnati ce ta raine shi, daga ofishin fassara na Zariya da ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 har zuwa hukumar adabi ta Arewa, wato NORLA, da kamfanin buga littattafai na NNPC. Da wannan rijiya ta fara ƙafewa a shekarun 1980, marubuta suka koma buga littattafansu da kuɗin aljihu, daga nan kuma bikin ƙaddamarwa ya samu gindin zama. Wanda ya taɓa halartar irinsa ya san yadda ake yi. A kama zaure, a gayyato babban mai ƙaddamarwa, wakilinsa ya miƙe ya ce mai gida ya sayi kwafi goma a kan kuɗi kaza, a yi tafi. Washegari marubuci ya fara sintiri a ofis, yau an ce ya yi tafiya, gobe an ce yana ganawa. Duk wanda ya ɗanɗani wannan ba zai raina naira dubu biyu da ta shigo wayarsa nan take daga hannun malamin firamare ba.

A ƙasashen waje an gina wa abin dandali da ƙa'ida. Indiegogo ya fara a 2008, Kickstarter a 2009, Patreon a 2013. Na ƙarshen nan biyan wata-wata ne, masoyi ya yanka wa kansa abin da zai riƙa ba mai fasaha. Kickstarter kuwa aiki ɗaya ake tara wa kuɗi, kuma dokarsa mai tsauri ce: ka faɗi adadin da kake nema, ka sa wa'adin da bai wuce kwana 60 ba, idan wa'adi ya cika ba a kai adadin ba, ba a cirar ko sisi daga asusun kowa, kai ma ba ka samun komai. Idan an kai, kamfanin ya ɗauki kashi 5 cikin 100, masu sarrafa biyan kuɗi su ma su ɗauki nasu. Kowa yana ganin abin da aka tara da yawan waɗanda suka bayar, a fili, kowane lokaci.

Wannan ƙofa a rufe take ga ɗan Katsina. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da Kickstarter ya yarda a buɗe neman kuɗi daga cikinsu, haka ma GoFundMe, sai dai mutum ya raɓu da wani ɗan'uwa mai asusun banki a Ingila ko Amurka. Ko da a buɗe take ma, masu karanta Hausa da masu kallon fim ɗin Hausa ba can suke ba. Suna Facebook da WhatsApp da TikTok, kuɗinsu kuma yana OPay da Moniepoint da PalmPay. Saboda haka namu tsarin ya tsaya a kan lambar asusu da hoton rasit. Yana da sauƙi, ba mai cire maka kashi biyar, kuma tsohuwar da ba ta da katin banki za ta iya aiken jikanta wurin mai POS. Amma an yar da abubuwa guda uku da suke riƙe da wancan tsarin: ba adadin da dole sai an kai, ba ranar rufewa, ba kuma allon da jama'a ke ganin abin da ya shigo. Mai asusu kaɗai ya sani.

Mutane sun fi damuwa da na ukun, don shi ne ƙofar zargi. Ni kuwa na farkon ya fi ba ni tsoro, domin shi ne ke kayar da mai gaskiya.

A ɗauka wata marubuciya ce a Ƙofar Ƙaura ta gama littafinta. Maɗaba'a ta ce kwafi dubu zai ci naira miliyan ɗaya da rabi. Ta yi sanarwa cewa duk wanda ya tura dubu uku zai samu kwafinsa, kuma za a sa sunansa a shafin godiya. Satin farko waya ba ta hutawa, ƙawaye da 'yan ajinsu da dangin miji duk sun tura. Sati na uku abin ya lafa. Da ta ƙirga, mutum ɗari biyu ne, naira dubu ɗari shida. A tsarin Kickstarter nan maganar ta mutu, ba wanda aka cire wa kuɗi, za ta ji kunya na kwana biyu ta sake shiri. A namu tsarin kuɗin suna hannunta. Ba su isa kwafi dubu ba. Idan ta ce a buga ɗari biyu kawai, kuɗin fileti da na saita inji ba sa raguwa don kwafi ya ragu, sai kowane littafi ya tashi da tsada, ba kuma ragowar da za ta sayar ta fanshe. Idan ta ce ta jira a cika, kuɗin suna zaune a asusun da take sayen kati da cefane da shi, ga yaro ba lafiya, ga kuɗin makaranta. Ba ta yi niyyar cin kuɗin kowa ba. Bayan wata huɗu dai dubu ɗari huɗu suka rage.

Ga kuma abin da ba ta sa a lissafi ba tun farko. Cikin mutum ɗari biyun nan akwai na Funtuwa, akwai na Kaduna da Legas, akwai na Maraɗi. Kowane kwafi sai an kai shi tasha an ba direba, an kira mai shi an ba shi lambar mota. Wani kuɗin aiken ya kusa kuɗin littafin. Ita da ta zauna don ta yi rubutu ta koma akawu, mai ɗaure kaya, mai amsa waya.

Sannan naira ba ta tsayawa ta jira kowa. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a cikin 2024 ta haura 1,500. Takardar ɗab'i, tawada, kyamara, makirufo, batir, kusan duk daga waje ake shigo da su. Cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya ninka kuɗin mota da na janareta. Wanda ya karɓi kuɗin mutane a farkon 2023 bisa farashin lokacin, ya zo aiki a ƙarshenta, ya tarar alkawarin da ya ɗauka ya fi ƙarfin abin da ke hannunsa. Wanda ya bayar kuwa ba ruwansa da wannan lissafi, shi dai ya san ya biya.

Kada a ɗauka wannan ciwon namu ne mu kaɗai. Ethan Mollick, malami a makarantar kasuwanci ta Wharton a Amurka, ya bibiyi ayyukan Kickstarter, ya wallafa a 2014 cewa sama da kashi 75 cikin 100 na masu alkawarin kaya ba sa cikawa a kan lokaci. A wani binciken na 2015 ya samu cewa wajen kashi 9 cikin 100 ne ba sa cikawa sam. Lambobin biyu tare suke da ma'ana: mayaudara kaɗan ne, waɗanda suka kasa auna nauyin aikin su ne da yawa. Abin mamaki ma, samun kuɗi fiye da kima na iya zama musiba. A 2014 wani Ba'amurke ya nemi dala dubu 50 don ƙera wata kular sanyaya abin sha mai suna Coolest Cooler, aka tara masa sama da dala miliyan 13. Ya shirya wa ɗaruruwa, dubun-dubata suka zo, kuma farashin da ya yanka bai rufe kuɗin ƙerawa da aikawa ba. Kamfanin ya rufe a 2019, wajen mutum dubu 20 ba su ga kayansu ba. Agogon Pebble da ya tara sama da dala miliyan 10 a 2012 ya fito kam, mutane sun ɗaura, amma kamfanin bai wuce 2016 ba. Tun a 2012 Kickstarter da kansa ya fito ya gargaɗi jama'a cewa shi fa ba kanti ba ne.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Babbar matsalarmu ita ce ba a faɗin sunan kuɗin. Idan mutum ya tura wa mai fasaha dubu biyar, me ya yi? Kyauta ya bayar, ko kaya ya saya tun kafin a yi, ko jari ya zuba yana jiran riba? Uku ne daban-daban, kowanne da hukuncinsa, amma sanarwarmu takan dunƙule su cikin kalma mai daɗi, a ce "ku ba da gudummawarku". Mai karɓa ya ji kyauta. Mai bayarwa, musamman idan an ce za a ba shi kwafi ko za a sa sunansa, ya ji ciniki. Dukansu Hausawa ne da suka tashi cikin gudummawar biki da adashi da gayya, inda ba a rubuta komai amma kowa ya san abin da ke kansa, domin gobe za a haɗu a masallaci ko a gidan suna. A intanet an ɗauko rashin rubutun, an baro sanin junan.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da warware wannan. Biyan kuɗi yanzu a karɓi kaya daga baya shi ne salam, kuma hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari da Muslim ya gindaya sharaɗi: a san mudu, a san nauyi, a san ajali. Sa mai sana'a ya ƙera maka abu kuma shi ne istisna'i, nan ma sai an siffanta abin yadda ba za a yi gardama ba. Kyauta ita ba a binta bashi. Jari kuwa ana raba riba, ana kuma ɗaukar asara. Da masu neman kuɗi a Facebook za su ɗauki wannan rabe-raben kaɗai, da rabin rigimar ta kwanta. Abin takaici, mutumin da ba zai yarda ya ba manomi kuɗin buhun gero kafin kaka ba sai an faɗi mudu da wata, shi ne zai karɓi kuɗin mutum ɗari uku a kan fim ɗin da bai faɗi tsawonsa ko ranar fitarsa ba.

Dokar ƙasa ma ɓangare ɗaya ta kama. A watan Janairun 2021 hukumar SEC mai kula da hada-hadar hannayen jari ta fitar da ƙa'idojin tara jari daga jama'a: sai kamfani mai rajista, sai ta dandalin da hukumar ta amince da shi, kuma akwai iyaka a shekara, naira miliyan 50 ga mafi ƙanƙantar kamfani, 70 ga ƙarami, 100 ga matsakaici. Wannan ya zo ne a lokacin da mutane da yawa ke kuka da wasu dandalin noma da suka karɓi kuɗi da alkawarin riba suka kasa biya a kan kari. Ƙa'idojin sun shafi jari ne. Marubucin da ke sayar da littafinsa tun bai fito ba yana wajen wannan shinge, ba mai kare shi, ba mai kare masu ba shi. Amma mai fim ɗin da ya rubuta cewa duk wanda ya sa dubu hamsin za a ba shi kaso daga kuɗin YouTube, shi ya taka cikin gonar hukuma ko bai sani ba.

Sai kuma abin da kuɗin ke yi wa aikin kansa, wanda ba a cika magana a kai ba. Marubutanmu na intanet, galibinsu mata, sun riga kowa gano hanyar: a saki shafukan farko kyauta, wanda ke son ci gaba ya biya 'yan ɗaruruwa a sa shi a rukunin WhatsApp. Wannan ya ba mata da yawa abin hannu daga cikin ɗakinsu, ba tare da sun je Kano neman ɗan kasuwar da zai karɓi littafi ba, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Amma labarin ana rubuta shi ne a gaban waɗanda suka biya, kullum suna jiran shafin yau. "Anti, don Allah kar ki kashe mana shi." "Hajiya, wallahi in ta koma gidan mutumin nan na bar karantawa." Marubuciyar da ta tsara labarinta zai ƙare da rabuwa sai ta ga rukuni ya yamutse, ta juya alƙalami. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Edita ɗaya kana iya gardama da shi ka kawo hujja, taron mutum ɗari uku ba a gardama da shi, fita kawai suke yi. Shi ya sa labaran ke ta tsawo suna kama da juna, domin abin da aka biya jiya shi ake sake nema yau.

Kuma taron ba ya zuwa don aiki yana da kyau, yana zuwa ne don ya riga ya san mai aikin. Wannan ita ce gaskiyar da masu zuga matasa su "fito su nemi tallafin jama'a" ba sa faɗa. Neman kuɗi a intanet ba ya haifar da masoya, ƙirga waɗanda kake da su yake yi. Rarara ya iya neman dubu ɗai-ɗai ne don ya shekara da shekaru yana cikin kunnen mutane. Ɗan wasan barkwanci mai mabiya dubu ɗari biyar a TikTok zai tara kuɗin kyamara a dare ɗaya. Malamin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin tsofaffin Daura yana rubuta abin da suka riƙe na tarihin Kusugu da sarautun mata, ko mai son ɗaukar aikin dukawa da marina kafin masu yinsa su ƙare, zai yi sanarwa mutum goma sha biyu su danna alamar so, uku su turo. Ayyukan da suka fi buƙatar a tallafa musu, don kasuwa ba za ta ɗauke su ba, su ne wannan hanya ta fi yi wa rowa. Nan kam har yanzu aikin jami'o'i ne, irin su Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da hukumar tarihi da al'adu ta jiha, da masu hannu da shuni. Lambar asusu ba za ta ɗauke musu wannan nauyi ba.

Akwai kuma wani abu da mai fasaha a Katsina ke fuskanta wanda takwaransa na Landan bai sani ba. Aljihun da yake nema shi ne dai aljihun da ake nema don mara lafiyar da ke kwance a asibiti, da marayu, da ginin masallacin unguwa, da kuma, abin baƙin ciki, kuɗin fansar waɗanda 'yan bindiga suka ɗauke. Mutum ya buɗe Facebook ya ga hoton yaron da ke jiran tiyata, a ƙasansa ga mai neman kuɗin buga waƙoƙi. Ba sai an faɗa maka inda dubu biyunsa za ta tafi ba, kuma ba ka isa ka ga laifinsa ba. Shi ya sa mai fasahar da ya shigo da muryar neman taimako ya riga ya faɗi, ya kuma jawo wa kansa sunan maroƙi. Wanda ya shigo da muryar ciniki, ga abin da nake yi, ga farashinsa, ga ranar da za ka karɓa, shi ba ya gasa da mara lafiya, kuma mutuncinsa na nan.

Waɗanda na ga abin ya yi musu kyau ba wani sirri gare su ba. Sukan gama mafi yawan aikin kafin su buɗe baki, littafi ya riga ya sha gyara, kuɗin ɗab'i kawai ake nema, ba kuɗin zama a yi tunani ba. Sukan buɗe asusu daban, wani lokaci ma su sa wani dattijo da aka yarda da shi ya zama shi ke riƙe da shi. Sukan sa kuɗin aike da hauhawar farashi a cikin lissafi tun farko, su ƙara wata biyu a kan ranar da suke zato. In an samu tsaiko su riga mutane faɗa, da hoton rasit da na aikin inda ya tsaya, domin mai bayarwa yakan haƙura da jinkiri, shirun ne ba ya haƙura da shi. Mutumin da ya tura dubu uku ya ga wata shida ba labari, ranar da ya hango ka da sabuwar waya ya gama yanke hukunci, ko da kyauta aka ba ka ita. A gari irin Katsina kuwa ba a shafin intanet maganar za ta tsaya ba. Za ka zo wucewa ta majalisa a Ƙofar Soro wani ya ɗaga murya, "Malam, ina labarin littafinmu?" kowa ya juyo.

Sharaɗin da ya fi wuya, wanda kusan ba mai rubuta shi a sanarwa, shi ne na mayarwa: idan ranar kaza ta yi ba a kai adadi kaza ba, kowa za a tura masa kuɗinsa. Yin hakan na nufin ajiye sunan kowane mai bayarwa da lambar asusunsa, da haƙurin zama a yi ta turawa ɗaya bayan ɗaya, kuɗin cajin banki kuma daga aljihun mai aikin zai fita. Waɗanda suka biya ta hannun mai POS ma sai an bi su da waya, don sunan mai shagon ne ke fitowa a rasit, ba nasu ba.